Ƙodar yumɓu, mako na uku

Abokan koyo, ga inda aka kwana. Makon jiya na ce muku na gama ƙoda biyu na yumɓu, na kafa su a kan allo. To, jiya na ɓamɓare ta dama na sake mata wuri.

Yayata ce ta jawo. Ma'aikaciyar jinya ce, ta shigo ta tsaya a kan allon, ta ce, "Ƙanena, ina ka kai hantar mutumin nan?" Ashe na jera su daidai wa daida kamar takalma a ƙofar masallaci, alhali ta dama tana ɗan ƙasa da ta hagu, domin hanta ta zauna mata a ka. Na sha karanta wannan, hannuna ne bai karanta ba.

Ranar Asabar na shiga kasuwar Muda Lawal na sayi ƙodar rago da ta sa. Mahaucin ya ce, "Malam, a yayyanka?" Na ce a'a, a bar min su har da kitsen. Ƙodar sa ba ta yi min amfani ba, bayanta gunduwa-gunduwa ne. Ta rago kuwa sumul take kamar ƙwayar wake, irin siffar ta mutum. Da na yaye kitsen sai ga wata 'yar fata siririya, ta salɓe kamar ɓawon albasa. Na tsaga ta a tsaye da sabuwar reza: ga ɓangaren waje, ga na ciki mai launi daban, can tsakiya kuma wani farin mazurari inda fitsari ke taruwa kafin ya gangara. Sai dai ku kiyaye, a rago ɓangaren cikin nan a haɗe yake, a mutum kuwa rarrabe yake, tsibi-tsibi kamar dalar gyaɗa. Wannan daga zanen littafi na kwaikwaya.

Yanzu kowace ƙoda na yi ta santimita 11. Ga bututun da ke kai fitsari mafitsara na yi amfani da sabon tiyon ƙarin ruwa, santimita 25 kowanne, na ɗaure shi da zare a wurare uku da yake tsukewa, inda tsakuwa ta fi maƙalewa. Abin da ya fi burge ni shi ne shigarsa mafitsara: a karkace yake ratsa bangonta, ta yadda in ta cika sai ta matse bakinsa, fitsari ba ya komawa sama. Sau uku ina huda kafin karkatar ta fito.

A ƙofar ƙodar, wato inda jijiyoyin jini ke shiga da fita, na sa shuɗiyar waya a gaba (jijiyar da ke fitar da jini), ja a tsakiya (mai shigo da jini), tiyo a baya.

Ƙananan matatan da ake kira nefron kam na haƙura. Kusan miliyan ɗaya ne a kowace ƙoda, na ƙodojin biyu a haɗe suna tace ruwa kimanin lita 180 a yini, wato jarka tara mai lita 20, amma abin da ke fita kimanin lita ɗaya da rabi ne kawai. Zan zana guda ɗaya babba a kwali in manna a gefe.

Matsalata yanzu hunturu. Ta hagu ta fara tsagewa a gefe duk da jiƙaƙƙen tsumman da na lulluɓa mata. Wanda ya taɓa gauraya yumɓu da yashi mai laushi, ya faɗa min awon da ya yi kafin in sake taɓa mafitsara.