Rabin Buhun Murakkaz

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullan rumbun abinci na gonar kajin da na yi wa aiki shekara shida a wajen Wad Madani da ke Sudan. Abokan aiki sun nemi in bar musu nasiha, amma duk sanda na ɗauki alƙalami, zagayen kajin naman da muka yi asara a shekarata ta biyu ne yake fara zuwa mini.

Haɗin abincin kajinmu ba ɓoyayye ba ne: dawa feterita, umbaz (tunkuza) na gyada, ɗan dusar alkama, sai murakkaz na waje (haɗin furotin, bitamin da ma'adinai na buhu) kashi 5 cikin ɗari. Da farashin murakkaz ya tashi, mudir, wato manajan gonar, ya umarce ni da baki in rage shi zuwa rabi in cike gurbin da umbaz, wai ai furotin furotin ne. Na lissafa furotin ɗin, na ga ya kusa cika, na sa hannu. Ban lissafa seleniyam da bitamin E ba, alhali na karanta cewa ma'aunin da masana a Amurka suka fitar a 1994 ya ƙayyade wa kajin nama miligiram 0.15 na seleniyam a kowane kilo na abinci, wato ko giram guda bai kai ba a tan ɗaya. Ƙanƙantarsa ce ta sa na raina shi. Ga shi kuma abin da dawa ke ɗauke da shi ya danganta da ƙasar da aka noma ta, umbaz ɗin kuwa ya daɗe a ƙarƙashin kwano cikin zafin bazara har mansa ya fara lalacewa, irin man da yake cinye ɗan bitamin E da ya rage.

A mako na huɗu wani dattijo ɗan Mai Wurno da ke share ɗakunan ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, kajin nan tsayuwarsu ta sake, duba yadda suke ware ƙafa." Na ce masa, "Baba, zafi ne." Ba zafi ba ne. Da muka yanka waɗanda suka kwanta, sai ga ruwa mai kore-kore ya taru a ƙarƙashin fatar ƙirji da fukafukai, tsokar ƙirjin kuma ta yi fararen zane-zane. Seleniyam yana cikin wani sinadarin jiki da ke kawar da gurɓatattun abubuwan da suke huda ƙwayoyin halitta, bitamin E kuma yana tsare bangonsu; da suka yi ƙaranci tare, ƙananan jijiyoyin jini suka fara yoyo, tsoka ta lalace, girma ya tsaya. Mun zuba musu haɗin biyun a ruwan sha, mun mayar da murakkaz yadda yake, mace-mace suka ragu, amma nauyi bai dawo ba.

A gaban mai gonar, mudir ya ɗaga takardar ya tambaye ni cikin ladabi, "Bashmuhandis (babban injiniya), sa hannun wane ne wannan?" Nawa ne. An yanke mini albashi, shi kuwa ko tari bai yi ba.

Sauran abubuwan na koye su ba da zafi haka ba. Seleniyam idan ya yi yawa guba ne, shi ya sa Tarayyar Turai ta tsayar da iyakarsa a miligiram 0.5 a kilo. Wanda ake samu daga yis ya fi na gishirin sinadari zama a tsoka, naman kuma bai cika tsiyayar ruwa ba bayan yanka. Fararen zanen da ake gani a ƙirjin kajin zamani masu saurin girma kuwa ba duka ne na rashin seleniyam ba, don haka kada dillalin magani ya ruɗe ku.

Tun daga wancan zagayen nake rubuta kowane umarnin sauya haɗi a littafi, da kwanan wata da sunan wanda ya bayar, kuma ciwon bai sake ɓulla a ɗakunana ba. Littafin yana aljihun tebur na ƙasa, na bar wa wanda zai gaje ni, tunda mudir yana nan a kujerarsa.