Mai filashi da mai jita: hayar kayan sauti a Sakkwato

Sana'ata hayar kayan sauti. Ina da ɗan shago a Mabera, da yara masu ɗauka da haɗawa, da janareta babba da ƙarami, da akwatunan sifika da muke lodawa a a-kori-kura. Walima, saukar karatu, kamun amarya, taron siyasa idan lokacinsa ya zo, nan abincinmu yake. Yawancin aikin ba ya cin ƙwaƙwalwa: dije ya zo da filashi da kwamfuta, mu ba shi layi biyu a mikisa, na'urar da ke haɗa sautuka tana daidaita su, emsi ya karɓi makirufo ɗaya, shi ke nan. Ko mawaƙin da aka gayyato, waƙarsa ake sakawa yana bi da baki. In dai wuta ba ta yanke ba, babu mai gane ko ka iya aiki ko ba ka iya ba.

Aikin da ke tona asirin mai kaya shi ne na 'yan jita, wato ƙungiyar da za ta buga komai a gaban jama'a. Irin kiɗan nan ne da Turawa ke kira rok: jitar lantarki biyu, jitar bes, jerin ganguna, da murya. Mutanenmu suna ɗauka sai an je Ingila ko Amurka ake samunsa, alhali yana nan bayan Illela, cikin Nijar. Ka tsallaka Konni ka nufi Tawa, Abalak har Agadas, bikin Abzinawa da wuya ya tashi babu jita.

A wani biki a Tawa na fara ganinsu ido da ido, na raka wani abokin sana'a da ya roƙi in kawo masa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. An shimfiɗa tabarmi a fili bayan isha'i, mata gefe, maza gefe, samari sun jera babura suna haska wurin da fitila. Makaɗan ba su da wani abin nunawa, amfin jitarsu ma, wato akwatin da sautin jita ke fitowa, an ɗaure shi da roba. Suka fara a hankali, jita ɗaya tana maimaita ɗan gajeren kari, mata suna tafi. Can mai ganga ya fara ƙara gudu, kaɗan-kaɗan yadda ba za ka lura ba, sai ka ankara kiɗan ya ninka sauri, ƙura ta tashi, bes tana dukan ƙirjinka. Waƙa ɗaya ta kai kusan minti ashirin, domin muddin masu rawa na fitowa ana liƙi, mai jita ba zai sauke ba. Idonsa na kan ƙafafun mutane, shi kuma mai ganga idonsa na kan kafaɗar mai jita. Filashi ba ya kallon kowa, minti biyar ɗinsa minti biyar ne.

Abin da 'yan garinmu kaɗan suka sani shi ne Sakkwato tana da hannu a tashin ɗaya daga cikin manyan masu wannan kiɗa. Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan jihar Tawa, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a nan garin ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008. An sa wa muryarsa na'urar nan mai lanƙwasa murya da mawaƙan finafinan Hausa suka saba da ita. Ba kamfani ne ya watsa waƙoƙin ba, daga waya zuwa waya suka bi ta Bluetooth da memori har cikin Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley na kamfanin kiɗa na Sahel Sounds, ya ji su ya shiga neman mai su. Zuwa 2021 kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar masa da faifai, yana zagaya Turai da Amurka da ƙungiya ta mutum huɗu, mai bes ɗinsu ma Ba'amurke ne. Amma hannun nan da ake mamaki a can, a filayen biki ya goge shi.

Haka tarihin sauran yake. Tinariwen, wata ƙungiyar Abzinawa 'yan jita, sun faro ne tun wajen 1979 a Tamanraset ta Aljeriya, sun yi shekaru kaset-kaset ɗinsu na yawo a Sahara kafin su ci Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, a 2012. Bombino na Agadas ya sha gudun hijira saboda tawayen arewacin Nijar, ya koma gida ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas a 2010, daga baya ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar Grammy. A Yamai kuma akwai Tal National, waɗanda suka yi suna da wasan awa biyar a dare ɗaya, suna da makaɗa da yawa ana karɓa-karɓa. A ganina ƙungiyar da ba ta sha irin wannan wahalar ba, ko sitidiyo ya gyara ta, dandali zai kunyata ta.

Idan irin waɗannan suka tsallako yi wa 'yan'uwansu mazauna nan biki, tun la'asar nake zuwa da kaina, ba na barin yara. Kowace ganga da makirufonta. Amfin jita ba a jona shi kai tsaye, makirufo ake kafawa a bakinsa, don sautin da mai jita ke so daga cikin akwatin nan yake fita. Sai monita, sifikar da ke fuskantar makaɗa, domin in ba su ji junansu ba kiɗa ya watse. Monita kuwa ita ce uwar ƙugi: ka ɗaga ta ta wuce kima, makirufo ya kama, kunnen kowa ya tsage.

Sannan maganar haɗa wuta da ƙasa. Janareta da ba a haɗa shi da ƙasa ba, mai jita yana riƙe da tsirkiya leɓensa ya taɓa makirufo, wuta ta ja shi. Don haka kafin komai sai mun kafa rodi, mun ɗaura waya, kuma da yake ƙasar Sakkwato a bushe take, mu kwarara ruwan gishiri a gindinsa. Wani uban ango ya tarar da mu muna wannan ya ce, "Malam, wanga kuma wane irin asiri ne a ƙofar gidana?" Na ce, "Alhaji, asirin da zai hana baƙonka suma ne." Zafin Afrilu ma da nasa: amfilifaya tana kashe kanta in ta yi zafi, sai an sa mata fanka. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga maɓallan mikisa su riƙa ƙarƙara.

Kuɗi ne ke yanke hukunci. Dije mutum ɗaya ne, ƙungiya kuwa baki huɗu ko biyar, ga mota, ga masauki, ga kayan da na ninka. Bayan an cire tallafin fetur a Mayun 2023, sai ga juyin mulkin Nijar a Yuli, aka rufe iyaka. Su Mdou Moctar kansu a Amurka abin ya rutsa da su, sai da masoya suka yi musu karo-karo. Mu a nan, jita ta ɗauke ɗif. Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, amma sefa ta riga ta yi wa naira nisa, mai bikin da zai biya makaɗan Nijar sai mai ƙarfi.

Yanzu duk wanda ya zo neman kaya don 'yan jita, sharaɗina uku ne: man janareta nasa, a bar mu mu gwada sauti kafin magariba, kuma kada emsi ya taɓa mikisa. Na ukun ne aka fi yi mini gardama a kai.