Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Daga Naɗin Ƙarfe Zuwa Bakin Reza

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a ƙofar ɗakin injina na masana'antar reza da na yi wa aiki a Masar. Yau labarina zai ɗan dakata, domin wani ɗan'uwa daga Kusri ya aiko da tambayar da sai an amsa ta sauran labarin zai shiga kunne. Cewa ya yi: askar wanzami a Garwa tana shekara da shekaru a zabira, ana wasa ta tana ci, to me ya sa kan reza mai layi 3, wato mai reza uku jere a gidan roba, da aka saya da tsada ba ya wata guda sai ya fara fizgar gemu? Ha'inci ne, ko ƙarfen ne na banza?

Malam, ƙarfen ba na banza ba ne. Mu bi shi daga farko.

Yana isowa masana'anta a naɗe kamar faifai, ziri ne dogo, kaurinsa wajen milimita 0.1. Sai ka jera reza 10 kafin su kai milimita ɗaya, na kan reza na zamani ma wasu sun fi haka sirantaka. A cikinsa akwai kiromiyam wajen kashi 13 cikin ɗari, shi ke hana tsatsa, da kabon tsakanin kashi 0.6 da 0.7, shi ke sa ya yi tauri idan ya sha wuta. Masana'antun da suka iya yin irin wannan ziri ba su da yawa, sanannu a Suwidin da Japan suke. Abin da ke wahalar kuwa ba haɗin ba ne. Kabon da kiromiyam suna dunƙulewa su zama 'yan ƙwayoyi masu tauri a jikin ƙarfen, kamar tsakuwa a cikin tuwo. In ƙwayoyin ƙanana ne kuma sun watsu ko'ina, madalla. In akwai manya, ranar wasi duk wadda ta faɗo a kan baki sai ta ɓalle ta bar giɓi. Ido ba ya ganin giɓin, amma fatar wuya tana jinsa.

Da farko zirin da laushinsa, za ka iya lanƙwasa shi da yatsa. A haka ake wuce da shi injin huda, ya buga masa ramuka da tsagogin da za a karya shi a kai daga baya. Ba a raba shi ɗaya-ɗaya tukuna, dogonsa zai ci gaba da tafiya har a gama wasi.

Sai wuta. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san yadda ake yi: a zuga ƙarfe ya yi ja, a tsoma shi a ruwa, ya fito da tauri. Maƙeri da idonsa yake auna launi. A masana'anta zirin yana ratsa dogon tanderu mai zafin digiri 1,050 zuwa 1,100, kuma ba a barin iskar waje ta shiga, ana cika cikinsa da naitirojin da haidirojin. In iska ta sami kafa, kabon ɗin da ke fatar ƙarfen zai ƙone, a sami reza mai taurin ciki da laushin baki, wato dai an yi aikin baban giwa. Yana fitowa sai ya bi tsakanin faranta biyu da ruwa ke sanyaya su. Ba a tsoma shi, don abu mai sirantaka haka zai murɗe. Daga nan ya shiga akwatin sanyi, ƙasa da sifiri da digiri 60 zuwa 80. Dalili shi ne sanyin farko ba ya juya cikin ƙarfen duka, akwai ragowar da ke zama da laushi, sai wannan matsanancin sanyi ke kammala ta. A wannan gaɓar ya yi tauri ƙwarai, amma kamar gilashi yake, ka lanƙwasa ya tsinke. Saboda haka ake mayar da shi wuta mai sauƙi, digiri ɗari biyu da wani abu, ya rage gautsi.

Ɓarna da yawa a nan take farawa, sai can gaba a gane. Tanderu ya zarce zafi, ragowar nan mai laushi ta yi yawa. Bai kai ba, taurin ya gaza. Faranta ba su matse daidai ba, zirin ya fito da ɗan doro, dutsen wasi ya ci gefe ɗaya fiye da ɗaya.

Wasi shi ne zuciyar aikin, kuma a nan zan daɗe.

Zirin yana wucewa a tsaye, bakinsa a sama, tsakanin duwatsun wasi masu juyawa, biyu-biyu, haƙoransu na shiga juna kamar yatsun hannu biyu, don su ci gefe biyu lokaci guda. Mai kaushi ne a gaba, shi ke kwashe yawancin ƙarfen ya fitar da siffar baki. Mai bi masa ya fi laushi. Na ƙarshe kusan shafa yake yi. Kowane mataki kuma da kusurwarsa: na farko a kwance sosai, na biyu ya ɗan buɗe, na uku ya ƙara buɗewa a can ƙolin. In ka yanka reza ka duba ta a na'urar ƙara girma, ba tsini ɗaya miƙaƙƙe za ka gani ba, hawa-hawa ne. Hikimar ita ce jikin bakin ya zama siriri don ya ratsa gashi ba tare da ja ba, ƙolin kuma ya sami ɗan ƙarfen da zai jingina da shi. Ka sirantar da yawa, aski na farko ya yi daɗi, na uku bakin ya kwanta. Ka kaurara, ta daɗe amma tana fizga tun ranar farko. Duk gardamar injiniyoyin reza a tsakanin waɗannan biyun take.

Ana wasin ruwan sanyaya yana kwarara ba yankewa. Ya tsaya na ɗan lokaci, bakin ya ɗauki zafi, taurin da aka sha wahalar samu a tanderu ya tafi. Wani lokaci har launi yake nunawa, ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi, wani lokaci kuwa ba alama.

Bayan dutse na ƙarshe akwai ɗan zaren ƙarfe da ke maƙale a ƙoli, ya lanƙwashe gefe. Shi ake cirewa da faifan fata. Nan kam masana'anta ba ta fi wanzami da komai ba: abin da yake yi ke nan idan ya goga aska a fata ko a tafin hannunsa kafin ya ɗora ta a kai. Ƙolin da ake samu a ƙarshe bai kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin gemu ba. Riƙe wannan, don rabin amsarka a nan take.

Yanzu ake karya zirin ɗaya-ɗaya, a zura rezojin a sanda, dubbai a manne da juna, bakunansu duk suna kallon gefe guda. A wanke su tas, ba mai ba ƙura, don ko shatin yatsa yana hana abin da za a shafa kamawa. Sai su shiga wani tulu na ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa, a feshe bakin da kiromiyam, ko kiromiyam da filatinam, ko wani nau'in kabon mai tauri da ake kamanta shi da lu'ulu'u. Rufin bai kai a kira shi fenti ba don sirantaka, aikinsa ya tallafi ƙolin. Kalmar filatinam da kuke gani a takardar reza ke nan, ba wai rezar da shi aka yi ta ba.

Na ƙarshe shi ne wanda fuska ta fi sani: Teflon, irin wanda ke cikin kaskon da ƙwai ba ya kamawa. Ana fesa shi, a gasa a wajen digiri 350 ya narke ya kama. Reza mai kaifi da ba ta da shi, gashi yana manne wa gefenta yayin da take ratsa shi, sai ka ji ja. Kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ne ya girgiza kasuwa a 1962 da reza marar tsatsa mai wannan rufi. Kafin nan yawanci baƙin ƙarfe ake yi, wanda ke tsatsa in ya kwana da laima. Da yawa kan ce aski na biyu ya fi na farko daɗi, kuma ba ƙarya suke ba, na farkon ne ke share rarar Teflon da ta taru a ƙoli.

Gwaji iri-iri ne: a duba baki a na'ura, a auna tauri, a sa reza ta yi ta yanka jiƙaƙƙen ulu matsattse ana auna ƙarfin da take buƙata. Akwai kuma mutane da ke zuwa su yi aski su faɗi abin da suka ji.

Rezar da wanzamai ke karyawa biyu su sa a mariƙi, aikinta ya ƙare a nan, sai naɗewa a takarda. Ita ce jikar wadda King Camp Gillette ya sami rajistarta a Amurka a 1904. Ta kan reza kuwa da sauran tafiya. Siririya ce, baki ɗaya gare ta, ba ta iya tsayuwa da kanta, sai a yi mata walda da hasken leza, ɗigo-ɗigo, a kan wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa. A wasu samfuran ita kanta ake lanƙwasawa. A jera su a gidan roba da aka yi da zubi, a masu tsada kowace tana zaune kan 'yan yatsun roba da ke lotsawa in an danna. A gaba akwai roba mai tsaga-tsaga da ke miƙar da fata. A baya akwai zirin nan mai launi da ke yauƙi in ya jiƙe. A gefe biyu kuma 'yan maƙalai na alminiyam, suna riƙe rezojin, kuma su laima ke fara ci kafin ta taɓa baki.

Abu uku ake aunawa a nan: kusurwar da reza ke fuskantar fata, tazarar da ke tsakanin layi da layi, da yadda kowane baki ya leƙo sama ko ya nutse ƙasa da shafin gidan. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya mayar da kai mai kyau mai yanka mutane. Tazara in ta yi faɗi, fata tana kumburowa a tsakani ta hau baki. In ta matse, fata ta huta amma gashi da sabulu su toshe. Kamfanin Gillette ya fito da layi 2 a 1971, kai mai juyawa a 1977, layi 3 a 1998, layi 5 a 2006, kamfanin Schick kuma ya yi mai 4 a 2003.

Ni a ganina yawan layin nan ba don gemunmu aka yi shi ba. Dabararsa ita ce layin farko ya ɗan jawo gashi daga raminsa, kafin ya koma na biyu ya yanke shi, na uku ya ƙara. Gashin sai ya koma ƙasa da fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne. Namu kuwa murɗaɗɗe ne, in ya tashi fitowa da tsininsa sai ya karkata ya soki fata ta ciki. Ƙurajen aski da ke cika wuyan samari daga Ngaundere har Njamena yawanci ke nan. Mai fama da su ya koma layi ɗaya, ya bi yadda gashi ya kwanta, kada ya ja fata, kada ya maimaita wuri.

To me ke kashe bakin? Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun duba wannan a 2020. Gashi ya fi ƙarfen laushi wajen sau 50, duk da haka sun ga yana ɓantarar ƙolin, musamman in ya lanƙwashe ya sadu da bakin a karkace, a daidai inda cikin ƙarfen bai zama bai ɗaya ba. Ƙaramar tsaga ta fara, ta faɗaɗa, ɗan yanki ya fita. Haɗa da Teflon da ke gogewa a hankali, da gishirin ruwa da ke bushewa a baki.

Askar wanzami ma haka take ɓantarewa. Bambancin shi ne tana da kaurin da za a ci, kullum ana fitar mata da sabon baki, kuma hannun gwani ne ke riƙe kusurwarta. Ta kan reza ba ta da abin da za a ci, tana kulle a roba inda dutse ba ya kai wa, kuma ko ya kai, rufin zai fara kwashewa. Masu goga ta a wando suna iya ɗan miƙar da inda ya kwanta, giɓi dai ba ya cikewa.

Abin da ke ƙara mata kwana kaɗan ne. Jiƙa gemu da ruwan ɗumi minti 2 zuwa 3 kafin ka fara, don jiƙaƙƙen gashi ya fi busasshe saurin yankuwa nesa ba kusa ba, balle da hunturu, lokacin da gashi ke bushewa ga ƙura a cikinsa. In ya kwana biyu ya yi tsawo, rage shi da almakashi ko injin aski tukuna. Ɗauraye kan ta baya, ruwa ya turo gashin waje. Kada ka buga shi a bakin bokiti, rezojin gocewa suke daga mazauninsu. Kada ka share bakin da tsumma, yarfe shi kawai ka ajiye inda zai bushe, ba a banɗaki ba. Aronsa kuwa babu, ko tsakanin wa da ƙane, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini. Haka in ka zauna gaban wanzami mai karya reza, ya ɓare sabuwa a gabanka, ya karya ta tana cikin takardarta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma ƙofar ɗakin injinan inda muka tsaya, da ranar da aka fara ba ni layin wasi in kula da shi.