Limoniyar jarirai: daga ɗakin naƙuda zuwa ɗakin jego

Da zarar jariri ya fara haki, sai a ce sanyi ne ya shige shi, a ƙara masa bargo. Amma ciwon huhun da ke bayyana a kwana 3 na farko yawanci tun a ciki ko wajen haihuwa aka ɗauko shi.

Babban abin lura shi ne faya, wato jakar ruwan da jariri ke ciki. Idan ta fashe aka wuce awa 18 ba a haihu ba, ƙwayoyin cuta na samun hanyar hawa daga gaban mace zuwa ruwan da jariri ke ciki, shi kuwa yana shaƙar ruwan nan. Haɗarin na ƙaruwa idan mai naƙuda ta yi zazzaɓi na digiri 38 ko sama, ko ruwan na wari, ko ungozoma tana ta sa hannu tana duba buɗewar mahaifa, musamman hannun da ba a wanke ba. Ruwa mai kore-kore kuma alama ce jariri ya yi kashinsa na farko a ciki, in ya shaƙa sai ya toshe ƙananan hanyoyin iska. Saboda haka a riƙe lokacin da faya ta fashe a faɗa wa ma'aikatan asibiti, don da shi suke yanke shawarar yi wa uwa allurar kashe ƙwayoyin cuta.

Bakwaini, wato wanda bai cika mako 37 ba, da wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, su suka fi kamuwa, don huhunsu bai ƙosa ba.

Bayan kwanakin farko kuma, abubuwan da ake yi a ɗakin jego kan jawo ciwon. Garwashi a ƙarƙashin gado, tagogi a rufe, turaren wuta na tashi, ga 'yan barka kowa na karɓar yaro har da mai mura. Sai ɗura, wadda a ganina ta fi duka muni: a toshe hanci a zuba ruwa ko jiƙo, yaro ya ƙware, abin ya faɗa huhu. Dakashin da wasu ke matsewa su zubar kuwa shi ne rigakafinsa na farko.

Don gane ciwon, a buɗe ƙirjin yaro lokacin da ba ya kuka, a ƙirga numfashinsa minti guda cur da agogon waya, don numfashin jariri kan yi sauri ya tsaya ya ci gaba. In ya kai 60, a sake ƙirgawa. In ya sake kaiwa, ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa sosai, ko yana nishi, ko ya ƙi mama, asibiti za a nufa a take, ba kemis ba. Kada a jira zazzaɓi, domin jariri mai tsananin ciwo jikinsa na iya yin sanyi ƙalau, ƙasa da digiri 35.5.