Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mayafin Zannuwan Inna

A makon jiya na tsaya a inda aka raba kayan Inna, Allah ya jiƙanta, rabona ya faɗo a kan zannuwanta guda tara, yawancinsu atamfofin da wanki ya riga ya lausasa. Tun ranar sadakar bakwai na ƙudurta cewa zan yanka su, in haɗa mayafi mai kauri wanda Baba zai riƙa lulluɓa da shi lokacin hunturu, domin sanyin Disamba da Janairu a ƙauyukan Ringim ba ya sassauta wa tsoho.

Amma shekara guda cur zannuwan suna cikin adaka. Da damina na ce sai an gama noma, da kaka na ce sai an gama sussuka, azumi ya zo na ce sai bayan salla. Mutanen gida sun ɗauka kasala ce. Gaskiyar maganar ita ce duk ranar da na buɗe adakar, ƙamshin turaren Inna ya buge ni, sai hannuna ya kasa riƙe almakashi, domin gani nake kamar yanka zanen rabuwa ce ta biyu.

Ambaliyar daminar 2022, wadda ta rusa gidaje da gonaki a sassa da dama na Jigawa, ita ce ta farkar da ni. Ruwa ya shigo ɗakina, kuma kafin in ankara biyu daga cikin zannuwan sun yi funfuna, sun ruɓe. Goggo ta tarar da ni ina shanya sauran ina kuka, ta ce, "Ke 'yar nan, abin da kike ɓoyewa ruwa da gara kike ajiye wa. Kawo almakashin." Da hannunta ta yi bisimilla ta tsaga na farko, wani shuɗi mai zanen ganye da Inna take ɗaurawa ranar Juma'a, sannan ta miƙo mini.

Daga ranar na daina mayar da kayan cikin adaka. Na zuba su a kwando, na ajiye a bakin ƙofa inda dole idona ya gan su, na kuma keɓe tsakanin azahar da la'asar, na yanke wa kaina ƙyalle shida kullum, ko da baƙi a gidan. Na yanki kwali mai kusurwa huɗu, tsawonsa taƙi guda, shi ne ma'aunina. Duk inda zane ya yi shara-shara sai in tsallake wurin, tunda ɗinki ba ya zama a kan rauni. Maigidana ya sayo mini zare da manyan allurai a kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Haɗa ƙyallayen na yi shi a keken Butterfly na maƙwabciyata, amma da na shimfiɗa tsohon bargo a tsakiya, na sa shafi a ƙasa, keken ya kasa cin kaurin, sai na koma ɗinkin hannu a kan tabarma, daga tsakiya zuwa gefe don kada ya tattare. Wannan ɓangaren ne ya fi cin rai, har yatsana ya yi kanta.

Na yi kalmasar ƙarshe ana saura kwanaki kaɗan Disamba ya ƙare. Da na kai wa Baba bayan magariba, ya haska fitila, ya bi ƙyallayen da tafin hannunsa har ya tsaya a kan shuɗin nan, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Da asuba na gan shi ya fito alwala yana yafe da shi.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda matan unguwarmu suka fara kawo mini nasu ƙyallayen.