Masu ƙasa a bencin baya

Majami'armu tana ɗaya daga cikin unguwannin gefen Abuja, irin waɗanda jiya ƙauye ne, yau gidajen haya sun cinye su. Ni ne sakataren ikilisiya, rajistar membobi a hannuna take. In ka buɗe ta za ka ga Bajju da Atyap da Ham daga kudancin Kaduna, Ngas da Birom daga Filato, Margi da Bura daga Borno da Adamawa, Tangale daga Gombe, sai mu 'yan tsiraru, Hausawa daga wajen Malumfashi. Sujada da Hausa ce ta haɗa mu. Akwai kuma Gbagyi, waɗanda iyayensu ne suka ba da filin, suka yi ginin farko na laka da jinka tun babu kwalta a wurin. Lokacin da muka soma aikin jawo su cikin tafiyar da majami'a, babu ko mutum ɗaya nasu cikin dattawa, babu a kwamitin kuɗi, babu a kwamitin gini. Ranar Lahadi tsofaffinsu kan zauna a bencin baya kusa da ƙofa, ana tashi su kama hanyar gida.

Ba wanda ya zauna ya tsara haka. Zaɓe ake yi, ƙuri'a kuwa ta masu yawa ce. Ma'aikatan gwamnati da sojoji masu ritaya suna da boko, bakinsu a buɗe yake a taro, baikonsu da nauyi, sai aka yi ta zaɓensu shekara bayan shekara. Sabon faston da aka turo mana ne ya lura, da ya fara ziyarar gida-gida, cewa iyalai da dama na Gbagyi sun daina zuwa, wasu ma sun buɗe tasu ƙaramar majami'a a bayan gari. Ya kafa kwamiti, ya sa ni ciki saboda ni ke riƙe da takardu.

Shawarar farko da ta fito ita ce Lahadin al'adu: kowace ƙabila ta sa kayanta, ta yi waƙarta, ta kawo abincinta, a ba Gbagyi wuri na musamman a cikin shirin. Kafin a sanar, fasto ya ce a kai wa dattijon da ya fi kowa shekaru a cikinsu ya gani. Muka same shi a ƙarƙashin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Ya saurara har na gama karantawa, sannan ya ce:

"Ɗana, rawa kam mun iya. In gwamnati ta yi baƙi ma mu ake kira mu yi rawa. To in an gama rawar, makullin majami'a a hannun wa zai kwana?"

Na ce, "Baba, abin da muka zo ji ke nan."

Ya ce, "In ji kuka zo, ku ajiye takardar."

Muka ajiye ta. Yinin nan shi ya yi ta magana, yana nuna mana da bakin fartanya inda rumbunan gidansu suke a da, inda rafi yake kafin a cike shi, da gonar doyar da yanzu gidan mai ne a kanta. Daga wannan zaman ne tsarin aikin ya canza, kuma abu na farko da ya nema shi ne a faɗa wa jama'a tarihin wurin daga kan bagade, domin a ganinsa yawancinmu ba mugunta gare mu ba, rashin sani ne.

Ni aka ba aikin. Na fara da takardar naira 20, wadda ba Lahadin da ba ta cika kwandon baiko. Na ce kowa ya ciro tasa. A gaba hoton Janar Murtala Muhammed ne, wanda a ranar 3 ga Fabrairu 1976 ya sanar da cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Doka ta 6 ta wannan shekarar ta yanko fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,000, ta mallaka wa gwamnatin tarayya dukansa. A bayan takardar kuwa wata mata ce tana ginin tukunya: Ladi Kwali, 'yar Gbagyi, wadda ta rasu a 1984 bayan tukwanenta sun zaga duniya. Mutane suka yi ta juya kuɗin suna kallo, da yawa ba su taɓa sanin ko wace ce ba. Na ci gaba da cewa an tallata wurin ne a matsayin ƙasar da ba ta wata babbar ƙabila ba, alhali akwai Gbagyi da Gwandara da Gade da Koro da Bassa da Ganagana da sauransu a cikinta. An yi niyyar kwashe su duka a sake musu matsuguni, kuɗin ya gagara, aka sauya shawara tun kafin ƙarshen shekarun 1970. Wasu aka mayar da su wurare irin su Kubwa, wasu aka bar su birni ya kewaye su. Da gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991, mu kuma muka biyo ta da akwatunanmu. Kowannenmu yana da jihar da zai koma, da gwamnan da zai zaɓa ko ya zaga. Su ba su da gwamna ba su da majalisar jiha, sai sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu da ƙananan hukumomi shida. Sai a 2023 aka naɗa ɗan asalin yankin minista a karon farko.

Abin da ya fi sa majami'ar yin tsit shi ne tarihin bishara. Wajajen 1910 mishan na SIM (Sudan Interior Mission) sun riga sun zauna a Paiko da Karu, a tsakiyar Gbagyi, a lokacin da Turawan mulki ke hana su shiga masarautun Arewa. Wato mutanen da muke wa kallon waɗanda za mu koya wa hanya sun riga garinmu jin bishara da shekaru masu yawa.

Maganar harshe ita ta fi taɓa ni, don Hausa harshen uwata ne. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ita ta zama harshen makarantun Baibul da littafin waƙoƙi da wa'azi a yawancin Arewa. Alheri ne babba, ba don ita ba da Bamargi da Birom ba su zauna a benci ɗaya ba. Amma tana da farashi, kuma ba irina ke biya ba. Akwai wata tsohuwa a zumuntar mata da aka sani da gajeriyar addu'a, jimla uku ta ce amin. Ranar da fasto ya ce, "Mama, ki yi mana da harshenki," sai ta miƙe, ta dafa bencin gabanta, ta fara a hankali. Can murya ta buɗe. Ta yi ta yi, tana kiran sunan Shekwoyi, wato Allah a harshensu, tana ambaton sunayen unguwanni da na marasa lafiya, mu da ke gaba ba mu san inda za mu amsa ba, sai daga baya muke jin amsawar tana tasowa a daidai gaɓarta. Matar da muka ɗauka mai ƙarancin magana ashe shekara da shekaru da aron baki take addu'a.

Daga nan aka tsayar da cewa kowace Lahadi za a yi karatu ɗaya da waƙa ɗaya da Gbagyi, ba sai ranar biki ba. Sabon Alkawari na harshen ya daɗe da fitowa, wani ya kawo tsohon kwafin mahaifinsa da bango ya rabu. Sai ga matsala: matasansu suna ji amma ba su iya karantawa ba, kuma karin harshen na gabas daban da na yamma, iyalanmu sun haɗa duka biyun. Muka bar musu su sasanta, suka ce a riƙa karɓa-karɓa. Barkwancin da wasu masu wa'azi ke yi da sunansu don a yi dariya kuwa, fasto ya hana shi da baki ɗaya.

Ba a sha da daɗi ba. A taron ikilisiya wani dattijo daga kudancin Kaduna ya miƙe ya ce in za a ba Gbagyi karatu, to a ba kowa nasa, ƙabila nawa ne a nan? Wani ya buɗe Galatiyawa 3:28, babu Bayahude ko Baheleni, ya ce ƙabilanci muke shigowa da shi ta bayan gida. Ban raina maganarsu ba, mutane ne da suka san zafin a danne ka a garinku. Fasto ya amsa da Ayyukan Manzanni sura 6, inda masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce musu ku yi shiru ai duk ɗaya muke ba. Sun sa an zaɓi mutum bakwai, Istifanus da Filibus da sauran, dukansu masu sunayen Helenawa, aka danƙa musu rabon. Ni kuma na ƙara da abin da na gani a rajista: kowace ƙabila a cikinmu tana da majami'u a gida inda ake waƙa da harshenta, in Kirsimeti ya zo motoci ake cikawa a tafi. Gbagyin wannan unguwa ba su da wani gida da za su tafi, nan ne gidan.

Tsarin mulkin ɗariƙarmu bai yarda a ware kujera don ƙabila ba, kuma ba mu nemi a karya shi ba. Da zaɓe ya zo, dattawa biyu da suka daɗe a kai suka ce ba za su sake tsayawa ba, suka fito fili suka goyi bayan 'yan ƙasa. Amma abin da ya fi yin aiki ƙanana ne da ba wanda ya taɓa kula da su. Kwamitoci kan zauna ne Asabar da safe, lokacin da ya dace da ma'aikacin ofis, manomi kuwa yana gona, gonar ma yanzu sai ya hau babur ya yi nisa kafin ya kai. Aka mayar da zama Lahadi bayan sujada. Ana buɗe taro da Hausa, da an zo maganar kuɗi sai a zarce da Turanci, rahoton ma da Turanci ake rubutawa. Aka ce daga yau da Hausa za a karanta lissafi, kobo-kobo. A ganina waɗannan biyun sun fi duk jawaban da muka yi amfani.

Sai maganar katanga. An daɗe da zana taswirar faɗaɗa harabar don wurin ajiye motoci, an ma fara tara kuɗi. A zaman farko da sabon dattijo ɗan Gbagyi ya halarta, ya duba zanen ya ɗora yatsa a kusurwar gabas ya ce, "Ranka ya daɗe, nan kakannina suke kwance." Babu siminti babu rubutu, duwatsu ne jere a ƙarƙashin ciyawa, mu da muke wucewa kullum mun ɗauka ragowar gini ne. Aka sake zane, katangar ta karkace, wurin motoci ya ragu da kusan rabi, masu manyan motoci suka yi ta ƙorafi har yau. Iyalin ba su nemi a yi wani biki a wurin ba, ƙofa kawai suka ce a bar musu.

Da aka zo aka shafa jan fenti, alamar za a rushe, a gidajen wani ɓangare na tsohon ƙauyen, a nan aka gane ko zumuncin na baki ne. Lauyoyi biyu da ke cikinmu suka zauna da masu gidajen suka rubuta koke ba tare da karɓar ko sisi ba. Diyyar da aka saba biya ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ƙasar kanta ba a lissafa ta, don a doka ba tasu ba ce. Wasu gidajen suka tsira, wasu aka rushe, iyalai suka kwana a azuzuwan makarantar Lahadi har suka sami inda za su. Wasu membobinmu da suka sayi fili a hannun 'yan ƙasa su ma fentin ya shafe su, kuma a wannan makon na ji mutanen da suka yi adawa a taro suna magana da wata murya daban.

A kan al'adun gargajiya ba mu sa baki ba. Mu baƙi mun fi ɗokin a shigo da kowace ganga, su kuwa suka tace: wannan ta biki ce a kawo, waccan ta dodo ce ba za ta shiga ba, kuma sun fi mu tsanani. Gbagyi da yawa Musulmi ne, wasu na kan addinin kakanni, sau da yawa a gida ɗaya. Saboda haka ranar godiyar kaka, bayan an kawo doyar fari gaban bagade, dattawa kan ɗebi wani kaso su kai gaisuwa gidan mai unguwa, wanda ba Kirista ba ne.

Iyalan da suka tafi ba duka suka dawo ba. Majami'arsu ta bayan gari ta kafu, sun ce sun ji daɗin zama da kansu, sai muka koma musayar masu wa'azi. Abin da ke gabanmu yanzu yara ne. Sashen Turanci sai cika yake, jikokin dattijon nan da Turancin buroka suke amsa masa, kuma 'ya'yanmu ma haka suke yi da Hausa. Mama mai addu'a ta yarda ta riƙa koyar da yara waƙoƙi da karatun Gbagyi ranar Asabar da yamma, na kuma kai takarda gaban kwamitin kuɗi a riƙa ba ta ɗan alawus da kuɗin buga takardun karatu. Sabon ma'ajinmu, wanda ɗan ƙanenta ne, ya duba littafinsa ya ce babu kuɗi sai an gama biyan bashin kwanon rufi, in dawo da maganar bayan kaka.