Tarihin Rayuwar Front Line Assembly, Kashi na Biyar: Shekarar da Jita Ta Shigo

Makon jiya mun tsaya a 1992, lokacin da Bill Leeb da Rhys Fulber na Front Line Assembly, ƙungiyar kiɗan na'ura ta birnin Vancouver a Kanada, suka fitar da kundinsu Tactical Neural Implant. Kundin nan aikin na'ura ne zalla: ganga ta na'ura, bes (sauti mai kauri na ƙasa) na na'ura, muryar Leeb ma sai da ta ratsa na'ura kafin ta iso kunne. Masoya suka ɗauka 'yan Vancouver ɗin sun samu wurin zama ke nan. Shekara biyu bayan haka, a 1994, sai ga Millennium da rugugin jitar kiɗan metal tun daga waƙar farko.

Ba daga sama abin ya faɗo ba. Kamfanin Third Mind da ke fitar musu da kundi ya koma hannun Roadrunner, gidan da a lokacin ke riƙe da ƙungiyoyin metal irin su Sepultura da Fear Factory. A 1993 Leeb da Fulber sun sake cakuɗa waƙoƙin Fear Factory, hannunsu ya saba da jita mai nauyi. Ga kuma ƙungiyoyin Ministry da Nine Inch Nails suna cin kasuwa a Amurka da wannan haɗin na jita da na'ura.

Masu cewa sun koma ƙungiyar metal ba su saurara da kyau ba. A Millennium jita ba ta jan ragama, yanka ta aka yi gunduwa-gunduwa aka jera. Wani sashe Devin Townsend da Don Harrison ne suka kaɗa, wani kuma daga faifan wasu ƙungiyoyin metal aka tsakuro.

Dalilin yankan yana cikin lissafi. Kiɗan da ke tafiya bugu 120 a minti, idan aka raba kowane bugu gida huɗu, tsakanin ɗigo da ɗigo kashi ɗaya ne cikin takwas na daƙiƙa. Na'ura ba ta kuskure wannan tazarar. Hannun mutum kuwa, komai ƙwarewarsa, yakan ɗan riga ko ya ɗan makara, sai ka ji jita da ganga suna faɗuwa biyu-biyu kamar tafin da bai haɗu ba. Maganinsa a ɗauki bugun jita mafi tsafta, a datse kansa daidai inda sauti ya fara, a loda shi cikin samfila (na'urar da ke adana guntun sauti ta sake kaɗa shi), a bar sikwensa (na'urar da ke jera bugu a kan lokaci) ta riƙa tayar da shi ta MIDI, hanyar da na'urorin kiɗa ke aika wa juna umarni.

Nan ma akwai tarko. Samfila ta wancan zamani irin Akai S1000 da megabait 2 take zuwa, wato kusan daƙiƙa 12 na sautin sitiriyo, sai in an ƙara mata ma'adana. Dole gunduwar ta zama gajera. Kuma idan aka ƙara wa sautin gudu don ya dace da ganga, muryarsa na ɗagawa: ƙarin kashi 6 cikin 100 yana ɗaga ta rabin mataki a ma'aunin muryar kiɗa, bes ya koma yana faɗa da jita. Ko a sake saita bes ɗin, ko a miƙe sautin da na'ura a haƙura da ɗan gurɓacewar sautin da za a samu.

Matsala ta uku cunkoso ce. Jitar metal da bes na na'ura duk a ƙasan sauti suke zama, in aka bar su haka sai su dame kamar kunu. Abin da masu haɗa sauti ke yi shi ne su rage wa jita abin da ke ƙasa da hez 100 (wato sauti mafi kauri), su tura ta hagu da dama, su bar wa bes da babbar ganga tsakiya. Injiniyan sauti Greg Reely ne ya riƙe wannan ɓangaren, kuma shi ya sa har yau in ka sa kundin a lasifika mai kyau, bes ɗin yana fitowa daram a ƙarƙashin hayaniyar.

Inda kundin ya yi rauni, a ganina, maimaici ne: gunduwa ɗaya tana dawowa ba ta numfashi, kunne ya gaji kafin waƙa ta ƙare. Akwai ma waƙa guda da suka sa mawaƙin rap, wadda ta ƙara raba kan masoya.

Mako mai zuwa za mu shiga 1995, inda suka bar Roadrunner suka koma Off Beat na Jamus, suka fitar da Hard Wired, jita ta ja baya kaɗan.